Wandon da Aka Auna da Wuya

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Fatakwal a shekarun nan da aka bar fam da sule aka koma naira, ya san Martins mai duba tikiti. Ko bai san sunansa ba ya san cikinsa, domin cikin ne ke fara shigowa tarago, sannan mai shi ya biyo baya da abin huda tikiti a hannu. Ba ciwo ba ne, ba kuma gado ba ne. Shekara goma sha tara yana bin layin nan, babu tashar da bai san abin da ake soyawa a cikinta ba. A Lafiya doya, a Makurɗi kifi, a Inugu wani abu mai manja da ake ƙunshewa a ganye, kuma Martins mutum ne da ba ya son ya wulaƙanta kowace tasha.

Da ciki kaɗai ya tara a tafiye-tafiyen nan da da sauƙi, to har da baki. In ya dawo kwatas ɗin reluwe ya baje a gindin mangwaro, babu abin da za ka faɗa bai ce ya ga wanda ya fi shi a Fatakwal ba. Ruwan sama ma na Fatakwal ya fi jiƙa mutum. Maƙwabta sun saba, sai su bar shi ya yi ta zuba, su suna ɓare gyaɗarsu.

Abu ɗaya ne ba a taɓa masa, wato maganar tela. Shekara uku da suka wuce ya je wurin Jibir tela a bakin kasuwa, Jibir ya zagaya masa tef a ƙugu, hannayensa suka ƙi haɗuwa, sai da ya zagaya da ƙafa. Da ya duba lambar sai ya ce, "Tubarkalla, arba'in da takwas!" da ƙarfi, gaban mata huɗu masu jiran ɗinki. Tun ranar Martins ya rantse tef ba zai ƙara taɓa jikinsa ba. Kakin aiki ofis ke bayarwa, na coci kuwa wata tsohuwar riga ce mai faɗi da ta ga duniya.

Ana nan sai aka sa ranar auren 'yarsa Caroline, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, da wani malamin makaranta Jonathan, ɗan Kwoi. Uban angon, Alexander, hedimasta ne, mutum mai jiki shi ma, wanda ba a taɓa ganinsa ba kwat ba, ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Sau biyu mutanen Kwoi suna zuwa gaisuwar iyaye, sau biyun Martins yana kan hanyar Fatakwal. Nan fa gwaggwannin ango suka samu abin taunawa. Suka ce uban yarinya guje musu yake yi, ba ya son auren. Faston cocin kuwa tsoho ne mai ka'ida, ba ya ɗaura aure sai ya ji amincewar uba daga bakin uban. Bara ma ya tsayar da wani biki a kan haka, aka koma gida da shinkafa a tukunya.

Saura kwana tara biki, Caroline ta durƙusa gaban ubanta da safe.

"Baba, ni abu ɗaya nake roƙo. In Fasto ya tambaya wa ya ba da yarinya, ka amsa da ƙarfi. Bari mutanen Kwoi su ji da kunnensu."

"Shi ke nan?" in ji Martins. "Ni da nake magana jirgi na gudu a ji ni tarago uku? Tashi, Caro. Abin da ke gabana ya fi wannan. Kwat zan sa. In Hedimasta ya gan ni, zai san nasa tsumma ne."

Matarsa Afiniki tana tankaɗe gari a bakin ƙofa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Caro, ka je wurin Jibir ya ɗinka maka babban riga mana. Kwana tara ya isa."

"Nonsens! Tela na mutanen ƙauye ne. A Fatakwal babban mutum ba ya tsayawa a zagaya shi da igiya kamar akuyar sayarwa. Shiga kanti yake yi, ya nuna da yatsa, ya sa, ya fito."

"Kantin ya san da zuwan ka?"

Martins ya miƙe. Ya sa hularsa ta aiki ya nufi kasuwa, cikinsa na gaba yana share masa hanya.

Kantin farko na wani mutum ne mai sayar da kayan da aka ɗinko daga waje, a jere cikin leda. Martins ya nuna wani baƙin kwat da yatsa, kamar yadda ya ce ana yi. Hannu ɗaya ya shiga. Na biyun ya tsaya a gwiwar hannu ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai ga Martins yana juyi a tsakar kanti, hannuwa a baya kamar ɓarawon da aka kama. Mai kanti ya sauko da mafi girma da yake da shi. Wannan ya shiga duka biyun, amma da Martins ya sauke numfashi sai aka ji wani ɗan ƙara a hammata. Mai kanti ya yi maza ya tuɓe masa, ya ninke kayansa, ya ce cikin ladabi wataƙila a dace a gaba.

"Kayanka na yara ne," in ji Martins daga bakin ƙofa. "Turawan da suka ɗinka su yunwa suke ji."

A kanti na biyu ko saukowa da kayan ba a yi ba. Matar da ke ciki ta dube shi sama da ƙasa ta ce zanen gado kawai take da shi da zai yi masa. Na ukun yana hango shi ya ce an tashi.

Rana ta take tsaka ya isa layin 'yan gwanjo, rumfar Nicholas, wanda ke kawo dila-dila na kayan Turawa daga Aba. A nan Allah ya taimake shi da kwat. Ruwan toka ne, na wani ƙaton Bature da ko ya mutu ko ya rame. Kafaɗa ta zauna daidai. Maɓallin gaba dai tsakaninsa da raminsa akwai tafiyar yini guda, amma Martins ya ce manyan mutane ba sa ɓalle kwat. Saura wando.

Nicholas ya zaro tef daga wuyansa. "Oga, bari na auna ƙugu, na nemo maka sayiz."

Martins ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Kusa da rumfar akwai wata Larai mai sayar da citta, bakinta ya fi cittar yaji, ga kuma masu dako biyu da suka ajiye kaya don su huta. Ido takwas ke nan, ban da masu wucewa.

"Mayar da igiyarka. Kai kana sayar da kayan Turawa, ba ka san yadda ake auna su ba? Miƙo wancan."

Ya karɓi wandon, ya ɓalle maɓallinsa, ya kama bakin ƙugun da hannu biyu, ya ɗaga haɓa, ya zagaya shi a wuyansa. Wannan dabara ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Samari 'yan makaranta haka suke yi a layin gwanjo, tunda babu wurin tuɓewa: in bakin wando ya zagaye wuya ya haɗu a ƙeya, to zai yi wa ƙugu. Ga wanda cikinsa ke lafe kamar faranti, dabarar ba ta ƙarya. Martins ya ga ana yi ne ta tagar jirgi a wata tasha, ya riƙe, bai tsaya ya dubi irin masu yin ba.

"Kun gani? Ya haɗu, har da rarar yatsa biyu. Ilimi ke nan. Allah ya halicci ƙugun mutum ninki biyu na wuyansa. Likitoci sun tabbatar."

"Oga," in ji Nicholas yana sosa ƙeya, "wannan awo na yara ne fa. Kai ciki naka ya..."

"Ya me?"

Nicholas ya dubi cikin, ya dubi fuskar mai shi, ya tuna shi ɗan kasuwa ne ba likita ba. "Ya yi kyau, Oga."

Larai ta karkaɗe zanenta ta ce, "Baban Caro, ni tambaya gare ni. Ranar bikin, wuyan ne zai shiga wandon?"

Masu dako suka kwashe da dariya. Martins ya juyo a hankali.

"Larai, kin taɓa wuce Kagoro a rayuwarki?"

"Ban taɓa ba. Amma in zan sayi murfin tukunya, tukunyar nake aunawa, ba ludayi ba."

"Shi ya sa har yau citta kike sayarwa."

"Shi ya sa har yau zanena yake zagaye ni."

Ya biya, aka naɗe masa kayan a tsohuwar jarida, ya fita yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa Kafanchan sai ta yi shekara hamsin kafin ta waye.

A gida ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Afiniki tana tsakar gida ta ji nishi, ta ji gado ya yi ƙara, ta ji an ambaci sunan Yesu sau biyu, ba irin na addu'a ba. Da ta tura ƙofa ta tarar da shi tsaye, gumi har haɓa. Wandon ya haye cinya da ƙyar, ya iso gindin ciki, ya tsaya nan yana kallon abin da ya fi ƙarfinsa. Tsakanin maɓalli da raminsa taƙi guda ne cif.

"Tuwon safe ne," in ji Martins. "Kin cika mini kwano."

"Ka mayar masa da kayansa."

Washegari kuwa ya naɗe wandon ya koma, ya bi ta bayan rumfunan masu tukwane don kada a gan shi. Yana isa, sai ga Larai ta tallafe haɓa tana jiransa kamar an aiko mata da takarda.

"A'a, Baban Caro! Har an dawo da shi? Wuyan ne ya kumbura?"

Martins ya tura ƙunshin ƙarƙashin hammata. "Wa ya ce miki? Wando ya zauna kamar a jikina aka haife shi. Lakataye na zo saya." Haka ya koma gida da wandon da ya fita da shi, da ƙarin jan lakataye da bai yi niyya ba. Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma Martins ya naɗa nasa har da kunnuwa.

A ranar ya sanar da sabon shiri. Tunda wando ba zai zo wurin ciki ba, ciki zai je wurin wando. Zai yi azumi na kwana bakwai, ruwa kawai da ɗan kunu. Da maƙwabcinsa Meshak, mai zuba kwal a injin jirgi, ya tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce saboda zaman auren 'yarsa ne, uba na gari haka yake yi. Meshak ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa a Zumuntar Mata, ranar Lahadi sai ga Fasto a kan bagade yana cewa iyaye maza su yi koyi da ɗan'uwa Martins. Aka juyo ana kallonsa. Ya lumshe ido kamar waliyyi, cikinsa na kuka ana ji har benci na uku.

Daga nan kwatas gaba ɗaya ta zama mai gadin azuminsa. Ya doshi mai ƙosai, sai ta rufe kaskonta ta ce ba za ta zama sanadin faɗuwar bawan Allah ba. Ya leƙa wurin mai tsire a tasha, mai tsire ya ce ya ji labari, Allah ya ba da lada. A gidansa kuwa ana ta suyar naman biki, ana dafa acca, ƙamshi na bin sa har bayan gida. Da rana tsaka yakan sa rigar ruwa ya bi gefen layin dogo da sauri don ya yi gumi, ya je har gadar bayan gari ya dawo yana haki.

Ya kuwa rame, ba a ce bai rame ba. Kumatu suka zube, ido ya faɗa, wuya ya zama siriri kamar na zakaran da ya sha damina. Cikin ne kawai bai san ana yi ba. Ranar Alhamis ya ɗauko wandon ya sake zagaya shi a wuya, sai ya buga ihu.

"Maman Caro, zo ki gani! Da rarar yatsa biyu ne, yanzu huɗu! Wando ya ƙara girma!"

Afiniki ta dube shi ta daɗe. Ta buɗe baki, ta rufe, ta koma wurin tukunyarta. Shekara ashirin da shida na aure sun koya mata inda ake asarar yawu.

Rana ba ta ƙarya, Asabar ta zo. Tun da hantsi amarya ta shirya, 'yan kwaya sun wuce coci, motar mutanen Kwoi ta iso har da masu ganga. Uban amarya kuwa yana kwance rigingine a kan siminti, daga shi sai gajeren wando, yana ba da umarni. Afiniki ta ɗauko majanyin da ta goyi Caroline da shi, irin saƙar da ba ta san yagewa ba, ta zagaya masa a ciki sau biyu. Aka kira Meshak. Mutumin da ke wuni yana jefa kwal a wuta ba a raina damtsensa. Ya dafa gwiwa a gefen Martins, ya kama bakin majanyi.

"Oga Martins, fitar da iska duka."

"Na fitar."

"Akwai saura, ina gani."

"Wannan ba iska ba ne, ja kawai!"

Meshak ya ja. Idon Martins ya yi kamar zai bar fuskarsa. Afiniki ta ƙulle, aka ja wando, Meshak ya haɗa bakin biyu da ƙarfin tsiya, ita kuma ta tura maɓalli a rami da bakin cokali. Ya shiga. Aka yi shiru ana jiran a ji ko zai fito. Bai fito ba.

Su biyu suka ɗaga shi tsaye kamar ana kafa turken rumfa. Aka sa riga, aka sa kwat, aka ɗaura jan lakataye. Gaskiya ya yi kyau, wannan ba za a hana shi ba. Cikin ya gudu sama ya koma ƙirji, har ya yi kama da tsohon soja. Ya dubi madubi, ya so ya ce wani abu game da Hedimasta, sai ya ga maganar tana bukatar iska, ya fasa.

Matsala ta farko ta fito a bakin mota. Ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba ya zauna, wandon ya yi wani ɗan gargaɗi daga baya. Ya sauke ƙafar. Da raɗa ya ce uban amarya ba ya ɓuya a cikin mota. Aka ciccibe shi aka tsayar a bayan a-kori-kura, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Haka aka ratsa gari da shi, mutane na ɗaga masa hannu, shi yana amsawa da yatsu kawai. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ga taurari.

A coci ya shigo da Caroline a hannunsa, taku ɗaya-ɗaya, ƙafafu a miƙe. Mata suka yi guɗa. Har gwaggwannin Kwoi suka taɓa juna suka ce uban yarinyar akwai kwarjini. Aka gama waƙar farko, Fasto ya ce, "Mu zauna." Kowa ya zauna, ban da Martins.

Afiniki ta ja masa gefen kwat. Wani dattijon coci ya matso ya nuna masa benci. Martins ya raɗa masa cewa a manyan birane uban amarya ba ya zama sai an ɗaura. Dattijon ya kai maganar ɗaya ɓangaren. Alexander ya ji, ya gyara tabarau. Shi hedimasta guda, a ce mai huda tikiti ya fi shi sanin tsarin birni? Sai ya miƙe. Ƙannensa uku suka ga babban wansu a tsaye, suka miƙe. Meshak ya ga an bar maƙwabcinsa shi kaɗai a ɓangaren amarya, ya miƙe don kara. Fasto ya leƙo ta saman tabarau ya ga maza shida a tsaye kamar an kafa shinge, ya ɗauka Ruhu ne ke aiki, sai ya ƙara wa wa'azinsa tsawo. Abin da ya shirya na minti ashirin ya kai awa guda da kwata, tun daga Adamu da Hauwa'u har auren Kana.

Kwanon rufin cocin ya ɗau zafi. Martins bai ci abin kirki ba kwana bakwai, kuma numfashinsa bai fi na ɗan tsako ba. Fasto ya fara zama biyu a idonsa. Yana jin majanyin nan yana cin naman haƙarƙarinsa, amma in ya saci kallon Alexander ya gan shi yana sauya ƙafa yana share gumi, sai ya ji sanyi a ransa.

Can aka kira ango da amarya gaba. Fasto ya buɗe littafi, ya ɗaga murya.

"Wa ke ba da wannan mace aure ga wannan mutum?"

Martins ya buɗe baki. Leɓɓansa suka ce "Ni ne," amma abin da ya fito bai kai kukan sauro ba. Afiniki da ke gefensa ma ba ta ji ba.

Fasto ya jira. Ya sake tambaya, a hankali, kalma-kalma. Martins ya sake gwadawa, ya ɗaga yatsa sama. Fasto bai ga yatsa ba, kuma ko ya gani, shi ba da yatsa yake aiki ba. Ɓangaren Kwoi ya fara motsi. Wata gwaggo ta ce, ba ma a ɓoye ba, "Ba mun faɗa ba? Ba ya so. Shi ya sa ya ƙi zama." Wata ta ce, "Dubi fuskarsa yadda ya haɗe rai." Jonathan ya sunkuyar da kai. Alexander ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Zan tambaya sau na uku," in ji Fasto, ya sa yatsa a tsakiyar littafin kamar mai shirin rufewa. "In babu amsa, ikilisiya ta san ka'ida."

Caroline ta juyo. Ta cikin farin mayafin Martins ya ga idonta ya cika taf. Ta ce "Baba," da leɓe kawai.

Tsoro ya kama Martins, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san sarai abin da zai faru in ya ja iskar da maganar nan ke bukata, ya kuma san abin da zai faru in bai ja ba. Ya dubi Alexander, ya dubi Larai mai citta da ta samu wuri a bakin taga, ya dubi 'yarsa. Sai ya rufe ido, ya buɗe hanci da baki, ya ja iskar kwana bakwai gaba ɗaya.

"NI NE! NI MARTINS, UBANTA! NA BAYAR!"

Tantabarun da ke kan rufi suka tashi. Maɓallin wando ya fita kamar harsashi, ya tsallake benci biyu, ya daki kwanon baiko da ake tara kuɗin coci a ciki, tang! Ƙullin majanyi ya kwance, cikin da aka kora ƙirji ya dawo gidansa da gudu, ɗinkin baya ya tsage tun daga sama har ƙasa da ƙara irin ta yaga sabon yadi. Wandon Bature ya sauka a hankali ya kwanta a kan takalma. Ya rage uban amarya, kwat a sama, jan lakataye, gajeren wandon kaki a ƙasa, da majanyi yana lilo har gwiwa.

Idon kowa ya koma kan Martins. Fasto ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi kwanon baiko, ya mayar da ido kan littafi.

"Ikilisiya ta ji," ya ce. "Ta kuma gani. Mu ci gaba."

Nan wuri ya ɓarke. 'Yan kwaya suka faɗa kan juna, mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, Larai ta zame daga bakin taga sai ƙafafunta ake gani. Matan Zumunta ne suka yi ta maza. Suka taso su goma sha biyu suka kewaye shi, suka ɗauki waƙar yabo da ƙarfi don su rufe abin da ya riga ya fita. A tsakiyarsu Afiniki ta kwance zanenta na sama ta ɗaura masa, ta yi masa ƙulli irin na mata a gefe.

Da da'irar ta buɗe, Martins ya nemi 'yarsa da ido. Kafaɗunta na ta girgiza, ya ɗauka kuka take yi. Ta bar ango a tsaye, ta tako har inda yake, ta ɗage mayafi. Hawaye ne kam, amma dariya ce ta kawo su. Ta kama hannunsa da hannu biyu ta matse.

"Sun ji, Baba. Na gode."

Aka ɗaura aure. Martins ya zauna a karo na farko tun safe, benci ya amsa, ya ja numfashi mai daɗi har sau uku. Ana cikin sa hannu a takarda sai ga Alexander ya tsallako ya zauna kusa da shi. Martins ya ɗaure fuska yana jiran baƙar magana. Hedimasta ya waiga dama da hagu, ya ɗan karkata, ya ɗaga bayan kwat ɗinsa.

"Baban amarya, duba nan."

A bayan wandon Hedimasta, daga ƙugu zuwa ƙasa, an tsaga an ƙara wani ƙyallen atamfa shuɗi mai zanen kifi, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu.

"Shekara takwas ke nan," in ji Alexander da raɗa. "Kana tsammani don daɗi nake yawo da kwat a cikin zafin nan?" Ya sauke rigarsa, ya mayar da tabarau, ya koma wurinsa da takun manya.

Martins ya bi shi da kallo har ya zauna. Sannan ya gyara ƙullin zanensa, ya karkato wajen matarsa, muryarsa ta dawo daidai.

"Maman Caro, kin ga wandon Hedimasta? Faci ne! Ni dai duk abin da za a ce, nawa babu faci."

"Gaskiya ne," in ji Afiniki, idonta na kan amarya. "Babu faci. Babu wandon ma."